Kumfa Kafin Aska: Kayan Da Albashi Zai Iya Ɗauka

Wanzami ba ya ɗora aska a kan busasshen gashi. Sai ya jiƙa shi, ya murza sabulu, ya yi laushi tukuna. Ma'aikacin da tsadar shagunan aski a Abuja ta sa ya koma gyara fuskarsa a gida yakan tsallake wannan mataki, ya wayi gari da ƙuraje a wuya, kwalar riga tana gogarsu har a tashi daga ofis.

A wajen sayen buroshi ake yawan tafka asara. Mafi tsada shi ne na gashin wata dabba dangin dage. Mai arha, irin wanda kamfanin Omega na Italiya ya yi suna da shi, galibi gashin alade ne, kuma mai shago ba lalle ya faɗa maka ba. Duba kwalin kafin ka biya. Na zaren roba ya raba gardama: kuɗinsa kaɗan, ba ya buƙatar jiƙo, yana bushewa da wuri ko da damina.

Kwano kuwa, kada ka saya. Ƙaramin na silba da ke kicin ya wadatar.

Abin da ka rage, zuba shi a sabulun aski na ainihi, kamar sandar Arko ta Turkiyya, wadda kan yi watanni. Kumfar sabulun wanka saurin bushewa take yi, balle da hunturu. In ruwan burtsatsen unguwarku yana kashe kumfa, ƙara yawan sabulun, ka riƙa ɗiga ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan har ta yi kauri kamar kindirmo.