Malamin da Ke Koyarwa da Bakin Ɗalibansa

Bayan sallar isha'i, lokacin da sauran malaman jami'a suka naɗe takardunsu, shi kuma a sannan yake buɗe nasa ajin. Ba allo, ba alli, ba benci. Kwamfuta ce a kan cinya ko wayar hannu, sai fitila mai caji idan an ɗauke wuta. Ɗalibansa a warwatse suke: ma'aikaciyar jinya da ta tashi daga aikin yamma, ɗan kasuwa da ya rufe shago a Kantin Kwari, ɗan sanda a bakin aiki, da uwar 'ya'ya wadda sai yara sun yi barci take samun kanta. Wannan shi ne malamin karatu daga nesa, mai riƙe da ragamar tattaunawar ɗalibai ta intanet.

Karatu daga nesa ya girmi intanet. A Ingila an kafa jami'ar karatu daga gida a 1969, tana aika darussa ta gidan waya da rediyo da talabijin. A Najeriya gwamnatin Shehu Shagari ta kafa irinta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita, ita ce NOUN ta yau. Abin da wasiƙa da rediyo suka kasa shi ne haɗa ɗalibi da ɗan'uwansa. Manhajoji irin su Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, su suka buɗe wannan ƙofa. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, malaman da ba su taɓa mafarkin sana'ar ba suka tsinci kansu a cikinta.

Jarin mai wannan sana'a tambaya ce. Idan ya rubuta, "Mene ne hauhawar farashi?" ya kashe zaman tun kafin a fara, domin mutum arba'in za su kwafo masa amsa ɗaya daga wuri ɗaya. Gwani cewa zai yi, "Nawa ne mudun shinkafa a kasuwarku bara, nawa ne bana? Me kake ganin ya jawo, kuma wace hujja ce a darasin wannan mako ta goyi bayanka?" Nan take ɗan kasuwa ya kawo zancen kuɗin mota da canjin dala, uwar gida ta kawo lissafin cefane, wani daga ƙauye ya ce su a wurinsu damina ce ta yi gardama. Ka'idar da ke cikin littafi sai ta sami nama a jikinta.

Daga nan kuma sai aiki mafi wuya, wato yin shiru. Malamin da ya saba tsayawa gaban aji awa biyu yana zuba, yatsunsa ƙaiƙayi suke idan ya ga an yi kuskure. Amma da zarar ya ce "ga amsa", magana ta ƙare, don ba ɗalibin da zai ja da malam. Sai ya daure kwana ɗaya ko biyu, ya bar wani ɗalibi ya gano kuskuren. In ba wanda ya gano, sai ya jefa ƙaramar tambaya: "Hajiya, kin ce farashi ya tashi saboda ƙarancin kaya. To yaya aka yi bai sauko ba bayan kaka?"

Yana kuma sanin mutanensa kamar yadda makiyayi ya san garkensa. Akwai mai cika wuri da dogon rubutu, wanda sai an ja masa linzami cikin hikima. Akwai mai "na goyi bayan abin da ɗan'uwana ya faɗa", ba ƙari ba ragi, don dai a ga ya leƙo. Akwai wanda ke karanta komai amma bai taɓa cewa uffan ba, wanda sai an bi shi ta gefe da saƙo: "Malam, kwana biyu ba mu ji ka ba, lafiya dai ko?" Sau da yawa amsar ita ce data ta ƙare ko waya ta lalace. Ga kuma kunya irin tamu: yarinya 'yar shekara ashirin ba ta iya cewa dattijo sa'an mahaifinta ya yi kuskure. Malamin kan koya musu cewa ana iya ja da hujja ba tare da an taɓa mutuncin mai ita ba.

Gilly Salmon, wata malama 'yar Ingila, ta tsara wannan aiki hawa biyar a littafin da ta fitar a 2000, tun daga taimaka wa ɗalibi ya iya shiga, zuwa sabo da juna, har a kai ga gina ilimi tare. A ƙarshen mako malamin yakan yi abin da masu sana'ar ke kira saƙa. Ya ɗauko zaren wannan, ya haɗa da na wancan, ya nuna inda suka dace da inda suka saɓa, ya ambaci kowa da abin da ya kawo, sannan ya ɗaure duka da darasin.

Wahalar ba a ganinta. Ajin ba ya tashi, saƙo na iya shigowa ƙarfe biyun dare, kuma karanta rubutun mutum ɗari ya fi yin lacca ɗaya cin lokaci. Ladan kuwa yakan zo ne a ranar da ya buɗe kwamfuta da niyyar gyara wani kuskure, sai ya tarar wata ɗaliba da ba ta taɓa magana ba ta riga shi, har da misali daga asibitin da take aiki. Sai ya goge abin da ya fara rubutawa, ya rufe kwamfutar, ya je ya kwanta.