Iƙbal: Masanin Falsafar Da Ya Zaɓi Waƙa

A shekarar 1908 Muhammad Iƙbal ya koma Lahore daga Turai, bayan ya yi karatun falsafa a Kambirij, ya karanci lauya a Landan, ya kuma samo digirin digirgir a Munich ta ƙasar Jamus. Duk wanda ya ga wannan guzuri zai ɗauka manyan littattafan hujja da raddi zai zauna rubutawa. Sai ga shi a 1915 ya fito da doguwar waƙa cikin Farisanci, Asrar-i Khudi, wato asiran kai, a kan karin da Jalaluddin Rumi ya yi Masnawinsa.

Damuwarsa ita ce mutuwar zuciyar da ya gani a Musulmin Indiya ƙarƙashin mulkin Ingila. A ganinsa, an daɗe ana karantar da su cewa kamalar mutum ita ce ya shafe kansa, ya ɗauki duniya mafarki. Shi kuwa ya ce a'a, kai abu ne da ake ginawa, ta matakai uku: biyayya ga shari'a, kamun kai, sannan halifancin Allah a bayan ƙasa. Abin da ke ƙarfafa kai so ne, abin da ke kassara shi kuma roƙo. Roƙon nan bai tsaya ga miƙa ƙoƙon bara ba. Wanda ya ari tunanin wani ya yafa bai tace ba, shi ma maroƙi ne a wurin Iƙbal.

Da wannan ma'auni ya auna magabata, bai kuwa yi da sauƙi ba. Aflatun, wanda ya ce a kori mawaƙa daga birninsa na misali domin suna motsa zuciya su bar hankali, ya sha suka a waƙar, a matsayin mai janye mutane daga rayuwa ta zahiri. Mawaƙi Hafiz na Shiraz ma bai tsira ba. Amma taɓa Hafiz ya tayar da ƙura ƙwarai, har Iƙbal ya cire waɗannan baitoci a bugu na biyu.

A kan batun lokaci ne aka fi ganin inda falsafa ke tsayawa waƙa ta karɓa. Cikin laccocin da ya gabatar a Madras da Haidarabad da Aligar, waɗanda aka buga a 1930, ya bi sawun Bafaranshen nan Henri Bergson ya raba lokaci gida biyu. Akwai na agogo, mai tafiya daƙiƙa bayan daƙiƙa, wanda ake ƙirga albashi da shekaru da shi. Akwai kuma na cikin rai, inda jiya ba ta wuce ba, tana nan cakuɗe da yau, gobe kuma ƙofa ce a buɗe. Ya jawo hadisin da ya hana zagin zamani ya kafa hujja da shi. Bayani ne mai tsari, amma sai mai karatu ya yi gumi kafin ya kai ƙarshen shafi, kuma ko ya fahimta, bai zama lalle ya ji a jikinsa ba.

A 1933 Iƙbal ya ziyarci masallacin Kurɗuba a Andalus, ginin da aka fara a ƙarni na 8, aka mayar da shi coci a 1236. Waƙar da ziyarar ta haifar, wadda ta fito cikin littafinsa Bal-i Jibril a 1935, ta fara da sassarfar dare da rana mai cinye komai, kalma na bin kalma har mai sauraro ya ji tafiyar a kunnensa. Daga nan ta juya ta ce aikin da aka yi da so na gaskiya yana gagarar wannan ambaliya, shaidarta kuwa ginshiƙan da ke tsaye alhali daular da ta kafa su ta shuɗe. Babu masanin manɗiƙi da zai karɓi wannan a matsayin hujja. Ni dai ina ganin a nan ne maganar lokaci biyu ta fi fitowa fili, domin kari da amsa-amo su kansu da lokaci ake gina su: baiti yana wucewa, amma amonsa yana dawowa.

Sai dai waƙa tana da nata aibin. Lacca tana tilasta wa mai ita ya faɗi abin da yake nufi, a kama shi in ya kauce. Baiti kuwa kowa na iya tsinke shi ya tafi da shi. Tun rasuwar Iƙbal a 1938, malaman addini da 'yan gurguzu da 'yan kishin ƙasa a Pakistan da Indiya da Iran kowa na da baitocinsa da yake ɗagawa a taro, a kan manufofin da ba sa ga maciji da juna, kaɗan ne kuma daga cikinsu ke buɗe littafin laccocin.