ƊAN MARAYA JOS: MARAYAN DA YA ZAMA UBAN MARASA GALIHU

Ran Asabar, 20 ga watan Yuni na 2015, Allah ya yi wa Alhaji Adamu Ɗan Maraya rasuwa a garin Jos, bayan ya sha jinya. Ya kusa shekara 70 a duniya. Rashin nan kuwa ba na mutanen Jos kaɗai ba ne, gama duk inda ɗan Arewa ya yada zango a Kurmi, ko Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, da wuya a sami wanda bai taɓa kwana da muryar bawan Allahn nan a kunnensa ba.

ƊAN GARIN BAƘI

An haife shi cikin 1946 a Bukuru, kudu kaɗan da Jos. Ƙasa ce ta tudu, bisanta ya fi ƙafa 4,000, ga duwatsu ɗore a kan juna kamar da hannu aka jera su, ga sanyi mai ratsa ƙashi in hunturu ya shigo. Kuza ce ta raya garin. Mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, waɗansu neman kuɗin haraji ya kawo su, waɗansu kuwa tilas aka ɗebo su zamanin yaƙin Hitila. Wato Bukuru gari ne na baƙi, irin zaman da mai karatu ya sani sarai.

Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, amma ya rasu ba da daɗewa da haihuwar yaron ba, mahaifiyar kuma ta bi shi tun yaron yana jariri. Sai Sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan ne sunan Ɗan Maraya ya bi shi har kabari.

Yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, ya ga makaɗan can, abin ya shiga ransa, ya harhaɗa kuntiginsa da hannunsa. Kuntigi dai ba wani abu ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da ɗan sanda, da tsirkiya guda ɗaya tak. Narambaɗa yana da kotso da 'yan amshi, Shata yana da kalangai da nasa mutanen, amma Ɗan Maraya shi da ɗan gwangwaninsa sun isa su riƙe taro har asuba.

WAƊANDA BA A YI WA WAƘA

Al'adar makaɗi ita ce ya bi mai sarauta ko mai kuɗi, don a nan ake samun riga da doki. Shi kuwa waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, wato yaron nan da ke kiran fasinja, ya ɗora kaya, ya canja taya cikin rana, in mota ta mutu a daji shi ne mai turi, kuma in an isa gari ba mai tuna sunansa. Wanda ya tashi ba uwa ba uba ya san zafin a wuce mutum kamar ba a gan shi ba. Da waƙar ta fita, sai yaran tasha suka ji ashe su ma mutane ne.

Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojan Tarayya waƙoƙi da dama, samarin da suka bar iyayensu ba su san ko za su komo ba.

Amma inda ya fi zama uba shi ne sha'anin zaman gida. A cikin Jawabin Aure ya jera wahalolin da saki ke jawowa, ya roƙi miji da mata su yi haƙuri da juna. A cikin Auren Dole ya tsaya wa yarinyar da ake ɗaura wa wanda ba ta so. A cikin Gulma Wuya kuwa ya tona asirin magulmaciya da ke haɗa baki da boka a kashe auren jama'a. Magana ce wadda in maƙwabci ya faɗa sai a yi faɗa, amma da yake da kuntigi aka kawo ta, sai a yi dariya, a koma ɗaki a yi tunani.

MAGANIN ZUCIYA

Ɗan Maraya ba likita ba ne, kuma wanda ya sami taɓin hankali asibiti ya kamata a kai shi, ba a ɗaure shi da mari a bayan gida ba. Duk da haka aikinsa ya yi kusa da wani abu da likitoci suka tabbatar a nan Kurmi. Cikin 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a asibitin Aro da ke Abeokuta, inda ake saukar da masu ciwon hankali a ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana. Aka ga sun fi saurin samun sauƙi bisa ga waɗanda aka kulle su kaɗai. Ashe dai kaɗaici ciwo ne, 'yan'uwa kuma rabin magani ne.

To, ɗan cirani fa? Ya bar mata da 'ya'ya a gida, yana gadi ko dako ko sayar da goro a garin da ba a jin harshensa, dare ya yi ba wanda zai ce masa sannu. Sau da yawa faifan Ɗan Maraya, daga baya kuma kaset ɗinsa, shi ne dattijon da ke zaune kusa da shi, yana ba shi dariya, yana tuna masa haƙuri, yana kuma jan kunnensa kada ya manta da waɗanda ya baro.

Ya zaga ƙasashen waje da ɗan kuntiginsa, ya sami lambobin girma, amma Jos ya zauna har ƙarshen ransa, duk da tashe-tashen hankulan da garin ya gani a 2001 da 2008 da 2010. Masu sauraronsa kuwa har da Musulmi har da Kirista.

Da Sarkin Bukuru bai ɗauki jaririn nan ba, da Arewa ba ta ji ko ɗaya daga cikin waƙoƙin nan ba. Yau ma akwai irinsa a tashar Ojota da kasuwar Mile 12, yara marayu masu kwana a rumfa, waɗansu har sun fara shaye-shaye don kawar da damuwa. Sarakunan Hausawa da dattawan zango su ne iyayensu a nan, ba su da waɗansu.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya, ya sa ya huta, amin.