Ungozomar Gobe Tana Aji Uku a Yau: Mata, Lafiya da Aiki a Ƙasar Kazaure

A ƙauyukan Yankwashi da Gwiwa da Roni, har zuwa Babura, akwai maganar da kusan kowane magidanci ya yarda da ita: in iyalinsa za ta je awo ko haihuwa, mace ce ta kamata ta duba ta. Magana ce mai kyau, addini da al'ada duk sun goyi bayanta. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ita wannan macen daga ina za ta fito? 'Yar wa ce? Wa ya bar ta ta gama sakandare? Wane miji ne ya amince ta kwana a asibiti tana aikin dare? Duk mai son maganar haƙƙin mata ta yi ma'ana a wannan yanki, daga nan ya kamata ya faro.

Abin da muka gada

Da zarar an ambaci ci gaban mata, sai wasu su ce ai aƙidar Turawa ce ake son cusa mana. Tarihinmu bai ce haka ba. Daura maƙwabciyar Kazaure ce, kuma tarihin baka ya adana jerin sarauniyoyin da suka mulke ta har zuwa kan Magajiya Daurama. Masarautar Kazaure kuwa, wadda Ɗan Tunku ya kafa a 1819, tana cikin Daular Usmaniyya, daular da Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta shimfiɗa wa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Jaji ta jagoranci mata zuwa wurin Nana su ɗauki karatu, su koma gida su koyar da sauran, su kuma kula da marasa lafiya da marayu. A lura da dabarar: daga cikin ƙauye ake zaɓar mace, a ilmantar da ita, a mayar wa ƙauyen.

A zamanin siyasa, Hajiya Gambo Sawaba (1933 zuwa 2001), shugabar mata ta jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri da duka saboda ta ce macen Arewa ta cancanci jefa ƙuri'a. Ba a ba matan Arewa wannan dama ba sai a 1976. A 1985 kuma mata Musulmi suka kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna, suka buɗe makarantu da asibitoci. Duk waɗannan daga cikin gida suka taso.

Inda mata ke mutuwa

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Karkarar Arewa maso Yamma, har da Jigawa, na cikin inda abin ya fi tsanani. Musabbaban sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan shigar ƙwayoyin cuta. Kusan dukkansu suna da magani, kuma ba mai tsada ba.

Masana sun ce jinkiri uku ne ke kashe mai haihuwa. Na farko a cikin gida yake. Naƙuda ta tashi da daddare, yarinyar haihuwar fari ce, kunya ta hana ta yin ƙara. Maigida ya tafi ci-rani, ba wanda zai ce a fita da ita. Uwar miji ta ce a ƙara haƙuri, ai mu ma a ɗaka muka haife ku. A jiƙa rubutu, a kira ungozomar gargajiya, har gari ya waye. Jinkiri na biyu a hanya yake: neman mota, cinikin kuɗin mai, ga damina ta cinye hanya, wani lokaci sai a amalanke ko a kan babur. Na uku a bakin asibiti: an iso, amma ma'aikaciyar ɗaya ce tilo kuma ta tashi tun la'asar, ko babu jini, ko babu wuta.

Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda tana iya fitowa da yoyon fitsari, domin kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da ɗinkin yoyon fitsari a babban asibitin Jahun, akwai kuma cibiyar Babbar Ruga a Katsina. Ana warkewa, amma kafin a kai ga ɗinkin sau da yawa aure ya mutu, ɗan ma bai zo da rai ba.

An yi ƙoƙari a kan jinkiri biyun farko. Shirin Haihuwa Lafiya na gwamnatin Jigawa ya shiga ƙauyuka da wayar da kai, an kuma horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa ɗaukar mai naƙuda cikin gaggawa. Amma mota ba ta karɓar haihuwa. In an iso ba a tarar da ƙwararriya ba, wahalar ta tashi a banza.

Abin da mace mai ilimi ke iyawa

Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tana cikin jagororin wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. A da, ma'aikaciya da ido take kintatar jinin da mai jego ta zubar, kuma ido yakan raina shi. Sai aka kawo wata leda da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, ƙasanta kamar mazurari, da layukan awo a jiki. Jini na taruwa, ungozoma na kallon layi. Da ya kai ma'aunin haɗari ba a jira: a murza mahaifa, a yi allurar da ke tsuke ta, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, duk a lokaci guda. Wannan ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Hannun da zai shimfiɗa ledar nan a Yankwashi ko Gwiwa, hannun 'yar wani ne da aka bari ta yi karatu.

Daga aji zuwa ɗakin haihuwa

Kafin a ɗauki yarinya makarantar ungozoma sai ta ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A nan 'yar karkara ke faɗuwa, ba don ƙwaƙwalwarta ta gaza ba. Makarantarsu ba malamin kimiyya, ko kuma talla ta cinye mata safiya, ko an cire ta tun tana aji uku na ƙaramar sakandare an yi mata aure. Gwamnatin Jigawa ta ayyana karatun 'ya'ya mata kyauta tun zamanin Gwamna Sule Lamido, amma sassaucin kuɗin makaranta bai isa ba in a gida an riga an yanke hukunci.

A 2012 aka fara wani shiri da tallafin gwamnatin Birtaniya mai suna Women for Health a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara. Jama'ar ƙauye ne ke zaɓar 'yarsu, a ba ta shekara guda ta share fage don ta gyara sakamakonta, ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, da alƙawarin za ta dawo ta yi wa garinsu aiki. Har da matan aure aka ɗauka, aka kuma tanadi ɗakin reno a makarantun domin masu goyo. Tsarin jaji ne ya dawo da sabuwar riga. Yanzu ga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma a Babura, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Uzurin nisa ya ragu ƙwarai.

Bayan an samu aikin

Samun takardar ɗaukar aiki ba shi ne ƙarshe ba. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 ya gamu da cikas: rashin masauki mai tsaro da jinkirin biyan alawus sun sa da yawa suka koma birni. Mace ba za ta yi aikin dare a asibitin da ba katanga, ba ruwa, ba maigadi ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa, amma da yawa daga masu aiki a makarantu da asibitoci masu zaman kansu ba su ma san da ita ba. Ga kuma batun ƙarin girma: a tura maza kwas, a tsallake mace da cewa ai tana da goyo, bayan shekara goma a ce ba macen da ta cancanci shugabanci.

Haka abin yake a inda ake yanke shawara. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta nemi a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, amma a zaɓen 2023 ko mace ɗaya ba ta shiga majalisar dokokin Jigawa mai kujeru 30 ba. Jihar ta yi dokar hana cin zarafi da dokar kare yara a 2021, abin a yaba ne. Sai dai in za a raba kasafin lafiya, ya kamata a ce a wurin akwai wadda ta san zafin naƙuda. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Aikin da ke gabanmu

Magidanci ya bar izini tun kafin ya yi tafiya: duk sa'ar da naƙuda ta tashi a tafi asibiti, ga kuɗin mota a ajiye. Iyaye su bar yarinya ta gama sakandare, in kuma aure ya zo, a sa ci gaba da karatu cikin sharuɗɗan da za a yi a gaban waliyyai. Limamai su faɗa a huɗuba cewa samar da mata masu aikin lafiya farilla ce a kan al'umma, in ba wanda ya yi kowa ya ɗau alhaki. Dagatai da masu unguwanni su tabbata akwai mata a kwamitin raya mazaɓa da na kula da asibiti, kuma ana sauraron su. Ƙananan hukumomi su gina wa ungozoma masauki kafin su turo ta. Kowace mazaɓa a Yankwashi da Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura tana iya ɗaukar nauyin yarinya guda a shekara, daga kuɗin jarrabawa har ta kammala. Garin da ya fara bana, kafin shekara biyar yana da tasa ungozomar, wadda ta san kowane gida kuma ba za ta nemi canjin wurin aiki ba. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.