Tururin da Ke Ɓoye a Turɓayar Riyad

Duk wanda Allah ya nufa da sauka a birnin Riyad, ya ga yadda gine-gine suka mamaye tudun Najadu tun daga Wadi Hanifa har inda ido ya gaza, da wuya ya raya a ransa cewa turɓayar da yake takawa tana fitar da wani tururi wanda ba a ganinsa, ba a jin warinsa, ba kuma hannun ɗan Adam ne ya zuba shi ba. Tun da aka halicci ƙasa akwai yuraniyom da toriyom da wani nau'in fotasiyom a cikin duwatsu, suna ruɓewa sannu a hankali suna sakin wannan tururi, amma asirin bai bayyana ba sai a 1896, a hannun Bafaranshe Henri Becquerel.

Bisa ƙiyasin da kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi a 2008, matsakaicin tururin da mutum yake ɗauka daga halitta a shekara 2.4 ne a ma'aunin milisibat. Rabon Riyad kuwa mai sauƙi ne, domin birnin yana zaune ne a kan dutsen farar ƙasa irin na tsaunin Tuwaiƙ, wanda ma'adinan nan suka ƙaranta a cikinsa, saɓanin dutsen giranit na yammacin Saudiyya. Awon da malaman jami'o'in Saudiyya suka yi kuma ya nuna turɓayar birnin ba ta kai matsakaicin ta duniya ba.

Sai dai hatsarin ya fi zama a cikin ɗaki fiye da sarari. Idan yuraniyom ya ruɓe yakan koma radiyom, radiyom kuma ya haifi iskar radon, wadda takan kutso ta tsagar daɓe, ko da yake rabinta kan ƙare cikin kwana 3.8. A fili iska takan watsa ta. Amma a birnin da zafi ya tilasta wa jama'a rufe tagogi watanni, na'urar sanyi tana ta juya iska guda, musamman a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, sai iskar radon ta taru ta shiga huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2009 cewa radon ne sanadin kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na sankarar huhu, shi ne na biyu bayan taba, mashayin taba kuwa shi ya fi kowa cutuwa da shi. Ta kuma ba da shawara kada radon ya wuce 100 a ma'aunin bekarel a cikin iskar da ta cika mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi.

Ruwan rijiyoyi masu zurfi ma abin lura ne, tun da an sami radiyom mai yawa a ruwan da ake kira Saƙ, wanda ke ƙarƙashin yankunan Ƙasim da Tabuk, abin da ya wajabta tacewa kafin sha.

Saboda haka wajibi ne a kan maigida, ko Balarabe ko Bahaushe mazaunin Riyad, ya toshe tsagar daɓensa, ya riƙa buɗe taga da asuba, ya nemi a auna masa ɗakin ƙasa. Haka kuma ɗan'uwansa na Jos kada ya yi gini da yashin da aka wanke kuza daga cikinsa, domin shi ma yana fitar da wannan tururi. Kiyaye rai amana ce, rigakafi kuwa ya fi magani.