Telomiya: Kalmasar da ke ƙidayar kwanakin ƙwayar halitta

A shekarar 1961, masanin kimiyya ɗan Amurka Leonard Hayflick ya lura cewa ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin gwaji ba sa rabuwa har abada. Da zarar sun rabu sau 40 zuwa 60, sai su tsaya cik. Sai da aka shafe shekaru kafin a gano inda ake wannan ƙidaya.

Ashe a bakin kuromosom take, wato dunƙulen zaren DNA da ke ɗauke da bayanan gado. Mutum yana da 46 a kusan kowace ƙwaya, kowanne da baki biyu. A kowane baki akwai jerin haruffan gado shida, TTAGGG, da ke maimaituwa sau dubbai. Shi ake kira telomiya, kuma aikinsa tamkar kalmasar da tela ke yi wa bakin zane ne don kada ya zare. Sai dai duk lokacin da ƙwaya ta rabu, sinadarin da ke kwafar DNA ba ya iya kaiwa ƙarshen zaren, don haka kalmasar ke raguwa kaɗan-kaɗan. Idan ta gajarce ƙwarai, ƙwayar ta daina rabuwa ko ta mutu.

A ƙarshen 1984, Carol Greider da malamarta Elizabeth Blackburn suka gano telomares, sinadarin da ke sake tsawaita bakin, a jikin wata mitsitsiyar halitta ta cikin kududdufi. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel ta 2009 tare da Jack Szostak.

Daga nan 'yan kasuwa suka shigo. A yau intanet cike take da tallar magunguna masu tsada da ake cewa suna tsawaita telomiya su dawo da ƙuruciya, kuma mai albashi da ya fara hango ritaya shi ake wa tallar. Abin da ba a faɗa masa shi ne, yawancin ƙwayoyin jikin baligi a kashe suke ajiye telomares, kuma hakan garkuwa ce. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na cututtukan daji sai sun kunna shi suke samun damar yaɗuwa ba iyaka. Ɓeran ɗakin gwaji ma ya fi mutum doguwar telomiya nesa ba kusa ba, amma da wuya ya wuce shekara uku.

Akwai kuma alamar cewa wahalar rayuwa tana barin tabo a wurin. A 2004, Blackburn da Elissa Epel sun nazarci iyaye mata 58, galibinsu masu jinyar 'ya'yan da suka daɗe ba lafiya. Waɗanda suka fi daɗewa cikin jinya, da waɗanda suka fi jin nauyin damuwa, su ne telomiyarsu ta fi gajarta.