Motar da aka ƙara wa ƙarfi: in ta fara kasala, daga ina ake fara bincike?

Wani matashin ɗan kasuwa na Maraɗi, mai sana'ar atamfa, ya sayi Golf mai turbo, irin tsofaffin motocin nan da ake kawowa daga Turai ta tashar jiragen ruwan Lome. Masu ƙera ta sun ba injinta ƙarfin doki 150, amma shi bai wadatu da hakan ba. Ya kai ta garaji aka sake shirin kwamfutar injin, aka cire akwatin matatar iska aka sa wata buɗaɗɗiya mai siffar mazurari, aka faɗaɗa bututun hayaƙi, aka ɗora mata manyan tayoyi. Wata uku tana gudu kamar kibiya. Ran nan a kan hanyar Damagaram, tsakanin Gazawa da Tasawa, ya fito zai wuce wata tirela, ya taka totur har ƙasa, mota ta ƙi amsawa, ga kuma motar fasinja ta taso gaba da gaba. Da ƙyar da jiɓin goshi ya samu ya koma bayan tirelar.

Daga nan aka shiga saye-saye. Aka canza buji, aka canza bobin, aka canza pompon mai, har aka fara zancen sabon turbo. Sai da ya kashe fiye da jikka 300 kafin wani dattijon makanike ya toshe bakin hanyar iska, ya hura iska ciki, ya kasa kunne, ya ji tana fita ta wani ɗan tsage a jikin tiyon roba. Abin da ya kusa cin rai, ya kuma ci kuɗi, bai fi tsawon farce ba.

Abin da inji yake buƙata

Injin isans, ko na tsohuwar Peugeot 504 ne ko na motar bana, abu biyar yake nema: iska isasshiya, mai daidai gwargwado, wutar buji a kan lokacinta, matsi mai kyau cikin silinda, da hanyar da hayaƙi zai fita. Kowane kilo ɗaya na isans yana buƙatar kimanin kilo 14,7 na iska domin ya ƙone sarai. Aikin turbo shi ne cusa ƙarin iska, aikin kwamfuta kuwa shi ne auna iskar ta ba da man da ya dace da ita. Mai sake shirin kwamfuta yana ƙara matsin turbo ne, wato yana ɗora wa tsofaffin robobi, buji da pompo nauyin da ba a yi su dominsa ba. Saboda haka a motar da aka taɓa, wurin da aka taɓa da abin da ke maƙwabtaka da shi su ne abin zargi na farko.

Tambaya kafin sipana

Makaniken kirki ba ya fara kwance inji sai ya yi tambaya. Yaushe ƙarfin ke ɓacewa, da sanyin safiya ko da tsakar rana? A hawan tudu ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya? A hankali ya ragu, ko farat ɗaya? Idan inji yana ƙara kuka amma gudu ba ya ƙaruwa, laifin ba na inji ba ne, ambirayaj ne ke sulɓi, kuma hakan ya zama ruwan dare a motocin da aka ƙara wa ƙarfi aka bar su da tsohon faranti. Idan kuwa ƙarfin ya ɗauke farat ɗaya, ya dawo bayan an kashe mota an sake tayarwa, to kwamfuta ce ta ga abin da ya wuce iyaka ta rage ƙarfi da gangan don kada injin ya lalace. Launin hayaƙi ma shaida ne: baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi yana nuna man inji ne ke ƙonewa, fari mai kauri wanda ba ya yankewa yana nuna ruwa ya shiga silinda.

Bayan tambaya sai na'urar bincike, wadda masu garaji ke kira baliz. Tun 2001 doka ta wajabta wa sababbin motocin isans na Turai su zo da kafar da ake haɗa ta, na gazuwal kuma tun 2004. Amma a lura: baliz tana faɗin inda kwamfuta ta ji ciwo ne, ba ta faɗin abin da ya haddasa shi. Idan ta ce iska ba ta yi daidai ba, wannan ba umurnin sayen sabon turbo ba ne.

Daga mai araha zuwa mai tsada

A fara da iska. Ƙurar hunturu tana toshe matata cikin ƴan makonni, matatar nan buɗaɗɗiya kuwa, wadda ake shafa wa mai, tana barin ƙura da maiƙo su manne a kan ma'aunin iska da ke bayanta, sai ya riƙa ba kwamfuta lissafin ƙarya. Ga shi kuma tana zuƙar iska mai zafi daga cikin ɗakin inji, alhali akwatin asali daga waje yake ɗebo ta. Daga nan a bi tiyo-tiyon da ke tsakanin turbo da inji ɗaya bayan ɗaya, tare da ƙarafan da ke ɗaure su.

Na biyu, mai. Isans ɗin kwalba da jarka na ƴan ruwa-ruwa ba a san inda ya kwana ba, yakan zo da ruwa, da yashi, wani lokaci da gaurayen kananzir. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, amma har man gidan mai, in tankin mota ya yi tsatsa, da datti zai isa inji. A canza matatar mai, a auna matsin pompo lokacin da mota ke cikin ja, domin pompon da ya gaji yakan wadatar da inji a tsaye ya gaza a kan hanya.

Na uku, wuta: buji da bobin. Gwargwadon ƙaruwar matsi cikin silinda, gwargwadon wahalar da tartsatsin buji ke sha kafin ya tsallaka, shi ya sa motar ke sarƙewa daidai lokacin da aka fi buƙatar ta. Na huɗu, bututun hayaƙi: katalizer ɗin da ya narke ko ya toshe yana shaƙe inji kamar wanda aka rufe wa hanci. Sai a ƙarshe a auna matsin silinda. Idan bambancin da ke tsakanin silinda da ƴar uwarta ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100, a nan ne kawai zancen buɗe inji ya taso.

Shirin da aka rubuta don wata ƙasa

Akwai kuma raunin da ba lalacewa ba ne. Yawancin shirye-shiryen ƙara ƙarfi an rubuta su ne a Turai, don isans mai lamba 98 da iska mai sanyi. A Maraɗi ko Tawa cikin watan Afirilu zafi yakan kai digiri 45, iskar kuma ta fi ta digiri 15 rashin nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Zafi da man da bai kai wannan lamba ba suna sa inji ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ji, ta jinkirta wutar buji, ƙarfi ya sauka. Wanda ya biya kuɗi don ƙarin doki sai ya tashi da ƙasa da abin da ya saya tun farko.

Haka nan al'adar nan ta cire tarmosta da zaran mota ta iso, wai don ƙasarmu ƙasar zafi ce. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90. In an cire tarmosta, da safe da lokacin sanyi ba ya kai wannan zafi, kwamfuta ta ɗauka bai gama ɗumama ba, ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, buji ya yi baƙi, katalizer ya wahala. Manyan tayoyi su ma ba kyauta suke ba: tayar da kewayenta ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 tana rage ƙarfin jan da ke isa kwalta da kusan wannan kima, ta kuma sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya.

Gargaɗi ga mai saye

Maganar ba ta ƴan samari masu son gudu kaɗai ba ce. Ma'aikacin da ya ci bashin banki ya sayi mota ta hannu, mai yiwuwa ne an riga an taɓa ta tun a Beljiyam ko Jamus ba tare da ya sani ba. Ya kamata a haɗa ta da baliz, a duba ɗakin inji, kafin kuɗi su bar hannu. Wanda kuma ya ƙudura sai ya ƙara wa tasa ƙarfi, ya yi abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya rubuta abin da aka canza da ranar da aka canza shi, ya adana kayan asali, ya kuma nemi a ajiye masa kwafin shirin kwamfuta na farko. Ranar da mota ta fara kasala, mayar da ita yadda take shi ne gwajin da ya fi kowane araha.

Ɗan kasuwar nan namu ya canza tiyon, ya mayar da akwatin matatar iska, ya sa aka maido da shirin asali. Yanzu doki 150 gare shi, kuma duk suna amsawa in ya kira su a gefen tirela. Allah ya kiyaye hanya.